Rasuwar Littafin Karnukan Tasha

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta hana ni fita ko sayen burodi, ni Vlado Ristevski na Port Kembla, a madadin kaina da matata Noelene, wadda ta ce in cire sunanta amma ban cire ba, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da duk masoya kiɗan rok na wannan gari rasuwar abokin zamana, babban littafin nan mai suna Hayaƙi da Ƙara, tarihin ƙungiyar Karnukan Tasha. Ya rasu ranar Asabar da ta wuce da la'asar, a kan titin da ya bi ta gefen masana'antar ƙarfe, sakamakon haɗarin mota. Ya haura shekara ashirin a duniya, kuma duk a gidana ya yi su.

Na so in rubuta cewa ya rasu bayan gajeruwar rashin lafiya in ja bakina in yi shiru, kamar yadda aka saba. Amma zaure guda cike da mutane ya ga abin da ya faru kafin haɗarin, kuma garinmu bai kai girman da magana za ta ɓuya a cikinsa ba. Don haka zan faɗe shi yadda ya faru, bayan na ba marigayin haƙƙinsa na yabo.

Ya shigo gidanmu ne a matsayin kyautar Kirsimeti. Noelene ce ta saya, ta naɗe shi da jar takarda, da na ɗaga na zaci bulo ta naɗo mini don zolaya. Daga baya ta sha faɗa a gaban mutane cewa a duk kyautar da ta taɓa yi, wannan ce ta fi yin nadamarta, kuma da ta sani da safa ta saya mini.

Wata 'yar jarida ce ta rubuta shi, bayan ta yi shekaru tana bin duk wanda ya taɓa ɗaukar wa Karnuka ko da igiyar lasifika ce, tana yi masa tambayoyi. Ga yaran yanzu da ba su san su ba, samari huɗu ne 'yan garin nan, uku daga cikinsu ma'aikatan masana'anta, waɗanda suka riƙa kiɗa a mashayu tun daga nan har birnin Perth, can ɗaya ƙarshen ƙasar, daga ƙarshen shekarun saba'in zuwa farkon na tamanin. Ba su taɓa fita ƙasar waje ba. Faifai uku suka yi, suka yi faɗa, suka watse. Cliff Dunleavy ne mawaƙinsu, Merv Tranter ne mai ganga. Yau Merv kaɗai ya rage a raye.

Ina so a san cewa ba kukan wasa nake yi ba. Mahaifina ya zo ƙasar nan daga Makidoniya, ya ƙare ƙarfinsa a gaban tanderun narka ƙarfe, har ya mutu bai iya Turancin da zai yi gardama da shi ba. Mu 'ya'yan irinsu mun tashi ana yi mana dariyar sunayenmu da abincin da muke kaiwa makaranta. Duk waƙar da ake sawa a rediyo ta wani birni ce mai nisa da ba mu taɓa gani ba. Sai ga Karnuka sun hau dandamali suna ihu da sunan titinmu, da ƙofar da ubanninmu ke bi su shiga aiki, da baƙar ƙurar da ke sauka a kan shanyar uwayenmu. Ina saurayi na fara ganinsu. Na koma gida kunnena yana ƙara, amma na koma ina jin cewa ashe mu ma mutane ne. Da littafin ya fito, sai na ga abin da na zaci a raina kaɗai yake an buga shi da tawada, da hotuna, da bango mai tauri, kamar tarihin yaƙin duniya.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya zauna da ni lokacin da aka sallame mu daga aiki, ina zaune a gida ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Ya bi ni asibiti lokacin da aka yi mini aiki a gwiwa. Na karanta shi ya fi a ƙirga, bai taɓa nuna ya gaji da ni ba. Ba shi da yawan surutu. Idan aka buɗe shi yakan ce "ƙiiis" daga gadon baya, kamar dattijon da zai miƙe daga kujera. Idan ana buɗa shafukansa yakan ce "shaf, shaf" a hankali. Idan kuma aka rufe shi da ƙarfi sai ya ce "fam!" Wannan fam ɗin ta kashe gardama da yawa a garin nan.

A nan ne kyakkyawan halinsa ya gamu da nawa halin. Littafin bai taɓa tashi da ƙafarsa ya je ya gyara wa kowa magana ba. Ni nake ɗaukarsa in kai shi. Na haddace shi tun daga godiya har jerin sunayen da ke baya. Duk Juma'a a kulob ɗin unguwarmu, idan aka shiga hirar zamanin da, wani ya ce ya ga Karnuka a wuri kaza shekara kaza, sai in ce a'a, a shekarar Cliff yana fama da karayar hannu, ga shi nan a rubuce. Abokina Gaz Mifsud, wanda muka yi aiki tare a kan injin ɗaga kaya, shi ya laƙaba mini Farfesa.

"Farfesa, don Allah ka bar mutum ya yi 'yar ƙaryarsa cikin kwanciyar hankali," in ji shi.

"Ba ƙarya na hana ba, Gaz. Shekara kawai na gyara."

"Ranar da za a binne ka, kai ne za ka ɗago daga akwati ka ce wa fadan coci ya yi kuskure a addu'a."

A yi ta dariya, ni ma in yi. Na ɗauka yabo ne.

A shekarun baya-bayan nan marigayin ya yi fama da ciwon baya, har sai da aka ɗaure shi da salatif. Babin da ke ba da labarin watsewar ƙungiyar ya ɓalle gaba ɗaya, ana sa shi a ciki ne kawai kamar haƙorin roba. Akwai tabon shayi a kan fuskar Cliff da tabon miyar tumatir a kan taswirar yawonsu na farko. Duk ya jure waɗannan. Babu ɗaya daga ciki da ya zama ajalinsa.

Ga yadda ajalin ya zo.

Raelene, 'yar Merv, ita ta shirya taro a kulob ɗin ranar Asabar da rana. Merv ya tsufa ƙwarai, kuma tun bayan rasuwar matarsa Glenys ciwon mantuwa ya kama shi, yana ci gaba. Raelene ta ce tana so ya zauna cikin mutanensa ko sau ɗaya ne, tun yana iya gane cewa nasa ne. Ni kuma ina da tawa buƙatar. A shafin farko na littafin akwai sa hannun mutum uku na ƙungiyar, waɗanda na bi na samu tun suna raye. Na Merv ne kaɗai babu, domin shi ba mai zuwa taro ba ne.

Muna shirin fita Noelene ta gan shi a hammatata.

"Bar shi a gida, Vlado."

"Sa hannu kawai zan nema."

"Sa hannu kawai. Baki a rufe."

"Haba, me kika ɗauke ni?"

"Mijina na ɗauke ka, shi ya sa nake faɗa."

Zauren ya cika da tsofaffi masu furfura, kowa ya tono baƙar rigarsa ta zamanin da, ta matse masa tumbi. An ajiye wa Merv kujera a kan ɗan dandamalin da ake kiran lambobin caca a kai. Na daɗe ban gan shi ba. Mutumin da na sani yana dukan ganga kamar ta zage shi, ya koma ɗan ƙarami a cikin kwat da ta fi shi girma. Hannuwansa ne kaɗai ba su tsufa ba. Suna kan gwiwoyinsa suna ta kiɗa, tap tap, tap tap, ko numfashi ba sa yi.

Raelene ta zauna kusa da shi riƙe da makirfo tana yi masa tambayoyi masu sauƙi. Wasu ya amsa, wasu ya fara ya ɓace a tsakiya, sai ta ƙarasa masa, a yi tafi. Can wani ya sa faifai, waƙar nan tasu da kowa ya sani ta tashi, Jira Ni a Ƙofar Arewa. Sai muka ga fuskar Merv ta buɗe kamar an kunna fitila a ciki. Ya miƙa hannu ya karɓi makirfon da kansa.

"Wannan ni na rubuta ta," ya ce. Muryarsa ta fito tangaran, ba rawa. "Glenys na rubuta wa. Kullum tana zuwa ƙofar masana'anta da abincina a cikin wata jar jaka, ko ana ruwa. A bayan kwalin taba na rubuta. Na je na rera mata a kicin ɗin uwarta. Ta ce, Mervyn, muryarka kamar ƙofar gareji. Amma fa ta yi kuka."

Mata suna share ido. Wani ƙaton tsoho a gabana yana ta gyaɗa kai.

Littafin ya ce Cliff ne ya rubuta waƙar, a wani otal a birnin Melbourne, ya rubuta wa wata mata da ba tasa ba. Har da hoton rubutun hannunsa. Ban tuna lokacin da na yanke shawarar miƙewa ba. Na dai ji "ƙiiis", na san na buɗe shi. Na ji Noelene tana jan gefen rigata, na ji rigar tana zamewa daga hannunta.

"Gafara dai, Merv," na ce, da muryar nan tawa ta ranar Juma'a. "Cliff ne ya rubuta ta, a Melbourne. Ga hoton rubutunsa nan." Da a nan na tsaya da ma da sauƙi. Amma ban tsaya ba. "Kuma a lokacin ma ba ku haɗu da Glenys ba."

Merv ya dube ni. Ya dubi littafin da na ɗaga sama. Sannan ya juya ya dubi 'yarsa.

"Ba mu haɗu ba? Raelene, ba mu haɗu ba?"

"Kun haɗu, Baba. Kun haɗu."

Ya sake dubana, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan. "To, abokina, tunda a littafi yake. Kai ka fi ni sani."

Ya ajiye makirfon a cinyarsa. Hannuwan nan suka tsaya. Waƙar tana ci gaba ba mai sauraronta. Sai muka ji ya ce, a hankali, amma makirfon ya kwashe ya watsa wa kowa, "Ina Glenys ɗin? Ta zo?"

Raelene ta tashe shi, ta riƙe masa hannu, suka fita ta ƙofar gefe.

Babu wanda ya zage ni. Da an zage ni da na fi so. Da wani ya watsa mini abin da ke kofinsa da na gode masa. Gaz yana kallon cikin kofinsa kamar wani abu ya faɗa ciki. Ƙaton tsohon nan ya juyo ya dube ni sau ɗaya, ya juya. Na rufe littafin, kuma tunda nake da shi ranar ce kaɗai na rufe shi bai ce komai ba.

Na fita, Noelene tana bina a baya. A wurin ajiye motoci na kasa samun makulli, sai na ɗora marigayin a saman mota don in lalube aljihuna da hannu biyu. Na samu makullin. Muka shiga. Noelene ta ɗaura bel, ta sa ido a kan hanya. Na ja mota.

Ya jure lanƙwasar hanya biyu ko uku bai faɗi ba, domin shi mai nauyi ne. Sai da muka hau babban titin da ya bi gefen masana'anta na ƙara wuta, na ji wani abu a samanmu yana cewa "shuuu". Sannan daga baya, "fam!" Wannan ce kalmarsa ta ƙarshe. Na duba madubi na gan shi kwance a tsakiyar titi a buɗe, shafukansa suna ɗagawa kamar yana kirana. A bayansa akwai tirela ɗauke da naɗaɗɗen ƙarfe. Direban ba shi da laifi, ba abin da zai iya yi. A bayanta kuma akwai wata. An yi ruwa da safe, titin a jiƙe yake. Abin da tayoyi suka bari, iskar teku ta kwasa ta watsa a jikin shingen waya.

Na tsaya a gefen titi na kasa fitowa. Noelene ce ta fita, da takalmanta na zuwa unguwa, ta gangara cikin ciyawa tana ciro shafuka daga jikin waya ɗaya bayan ɗaya. Daga baya na bi ta. Muka yi ta tsinta, motoci suna wucewa suna kallon tsofaffi biyu a bakin titi. Ta kawo bangon, da shatin taya a kansa daga wannan gefe zuwa wancan, ta ɗora mini a hannu.

"Ba don shi nake tsinta ba," ta ce. "Don kada a ce mun zubar da shara a titi ne."

Muka kwashi abin da muka tsinta muka tafi gida.

Washegari Gaz ya zo ta'aziyya. Ya same ni a matakalar bayan gida, na shanya shafukan a kan ciyawa na danne su da duwatsu. Ya zauna ya daɗe yana kallonsu. Ina jin kunyar rubuta abin da na fara ce masa, amma tunda sanarwa ce ta gaskiya, ga shi.

"Gaz, amma dai abin da na faɗa haka yake."

"Haka yake mana."

"To ka gani."

"Farfesa, mutum nawa kake zato a zauren nan ba su karanta littafin ba? Ni kaina ina da shi. Yana ƙarƙashin ƙafar tebur a gareji, amma na karanta kafin in sa shi a wurin. Duk mun san Cliff ne ya rubuta waƙar. Raelene ta sani. Yarinyar da ke zuba mana giya ma ta sani. Kai kaɗai ne ka zaci kai kaɗai ka sani."

Na sunkuya na gyara dutsen da ke kan wani shafi, shi kuma ya ci gaba.

"Tun da Glenys ta mutu yake ba da labarin nan. Shi ne kaɗai labarin da yake farawa ya kai ƙarshe bai ɓace a hanya ba. Don shi aka sa waƙar. Kana ganin tsautsayi ne ya sa aka sa ta?"

Ya tashi ya kaɗe wandonsa. Ya ce in ina so zai ciro mini nasa kwafin, sai dai teburin zai karkace. Noelene ta leƙo ta taga ta ce masa ya bar tebur ya zauna lafiya.

A tsakiyar mako ta gasa kek, ta naɗe, ta miƙa mini tare da makullin mota. Na gane. Na tafi unguwar Warrawong, gidan Raelene, inda Merv ke zaune yanzu. Na daɗe a cikin mota a ƙofar gidan kafin in iya fita. Raelene ta buɗe ƙofa ta tsaya a tsakiyarta.

"Ka zo da littafin?"

"Ya mutu. Tirela ta take shi."

"Madalla."

Na ce mata na zo ba da haƙuri. Na shirya dogon jawabi a mota, amma duk ya gudu. Ta bar ni na yi ta inda-inda har na gama, sannan ta ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Ranar nan bai ci abinci ba. Yana ta tambayata ko da gaske ya auri uwata. Sai da na sauko da hoton bikinsu daga bango na sa masa a cinya. Da safe ya manta da taron, ya manta da kai. Ni ban manta ba."

Na ce ta yi gaskiya. Na miƙa mata kek ɗin zan juya, sai muka ji murya daga ciki, "Raelene, waye a ƙofa? Kin bar mutum a tsaye?" Ta ja numfashi, ta matsa gefe.

Yana zaune a bakin taga da bargo a ƙafafunsa. Ya ƙura mini ido. Sai ya yi murmushi ya nuna ni da yatsa.

"Na san fuskar nan. Kai ɗan mutumin nan ne na tanderu, mai gashin baki. Yana raba mana gasasshen tattasai daga abincinsa. Mutumin kirki. Bai cika magana ba."

Wannan ba ya cikin littafin. Ban taɓa sanin mahaifina ya ci abinci da mai gangar Karnuka ba. Na ja kujera na zauna kusa da shi. Muka sha shayi, ya ci kek, ya ce ya fi na Raelene, ta harare shi. Da na ga ya saki jiki, sai na yi abin da na zo yi tun farko.

"Merv, an ce kai ka rubuta Ƙofar Arewa. Ba ni labarin mana."

Na yi zaton fitilar nan za ta sake kunnuwa. Na riga na shirya fuskar da zan saurara da ita. Ya ɗan yamutsa goshi, ya dubi hannuwansa.

"Ni? Ban sani ba fa. Kamar wani ya ce ba ni ba ne."

"Kai ne, Merv. Kowa ya san kai ne."

"A'a," ya ce, yana girgiza kai a hankali. "Kada in yi maka ƙarya, ɗan'uwa. Bari dai a tambaya."

Raelene ta raka ni ƙofa. Ta ce tun ranar Asabar bai sake ba da labarin ba, alhali da kullum sai ya ba ta shi, wani lokaci har sau biyu kafin abincin rana. Ta ce a da har gajiya take yi da jin sa.

Marigayin ya rasu ya bar faifai uku, waɗanda ban iya sawa ba tun ranar. Da ƙanensa, wani siririn littafin hotuna da ba a taɓa ɗauka da muhimmanci ba. Da gurbi mai faɗin tafin hannu a kan kantar littattafai, wanda sauran littattafan suka fara kishingiɗa a ciki. Ya bar tarin shafuka da suka bushe suka kumbura, ba a jere ba, ta yadda yanzu Karnuka sukan watse kafin su haɗu. Shafin farko mai sa hannu ba a gan shi ba. Muna zaton yana cikin harabar masana'anta, kuma ba zan je nema ba. Ya kuma bar mai shi, wanda ya ƙaunace shi fiye da yadda ya ƙaunaci mutanen da aka rubuta shi a kansu, ba tare da ya lura ba sai da aka makara. Ina roƙon kada kowa ya ɗora wa marigayin laifi. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma bai taɓa faɗa wa wanda bai buɗe shi ba.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi mai zuwa da rana, a bayan gidana, a gindin bishiyar lemun tsami. An riga an kwantar da shi a cikin kwalin takalman aikina. Gaz ne zai haƙa rami, saboda gwiwata. Ba a buƙatar furanni. Kada kuma wani ya kawo mini sabon kwafi da sunan jaje. Noelene za ta tsaya a ƙofa tana duba jakunkuna. Kowa ya zo da kujerarsa da abin shansa. Nama da burodi da albasa daga gare mu ne. Duk wanda ke cikin zauren nan ranar Asabar ina gayyatarsa, har da waɗanda suka daina amsa gaisuwata, kuma ba sai sun amsa ba.

Na je na roƙi Raelene ta kawo Merv. Ta ce za ta gani, idan ya tashi da sauƙi, kuma ba don ni ba. Ba za a gaya masa jana'iza ce ba, an ce masa gashin nama za a yi. Za a binne marigayin tun kafin su Merv su iso, a mayar da ƙasa, a ɗora kujera a kai. Bayan an ci abinci Gaz zai sa faifan, ya bar shi ya tafi da kansa har ya kai kan waƙar. Idan ta zo, ana roƙon jama'a kada kowa ya tambaye shi komai, kada kowa ya tuna masa, kada a zuba masa ido. A ci gaba da cin abinci kawai, a jira.

Ni ina can wurin wuta ina juya nama, na ba jama'a baya. Daga nan ana jin komai.